Ƙwaƙwalwar Tsattsewa

Duk wanda ya zauna a Gaya ya san Tsattsewa, ko da bai san mai ita ba. Wata 'yar jar mota ce ƙirar Japan, kujera biyu tak, ƙasa-ƙasa kamar wani ƙato ya zauna a kanta, irin wadda aka ƙera don gudu, ba don ɗaukar buhun gero ba. Mai ita Alfari ne, tsohon direban ayari, wanda ya yi shekara ashirin da biyu yana kwaso motoci daga tashar jirgin ruwan Kwatano yana haye gada da su. Ita da wata irinta suka sauko daga jirgi ɗaya, tagwaye. Ɗaya ta tafi hannun Alhaji Siddo na Junju, mai kamiyoyi, wato manyan motocin kaya, ɗayar kuwa Alfari ya kalle ta ya sake kallo, ya ce wannan ba ta wuce Gaya. Mutane suka yi ta yi masa dariya, wai ya sayi motar marowaci, wadda ko maƙwabci ba ka iya rage wa hanya. Shi dai bai kula ba. Ranar da ya shigo da ita gida ya yi mata abin da 'yan ayari ke yi wa kowace mota, don a hanyar Kwatano kana iya tsayawa shan shayi da sabon batir ka tashi da na kakanka. Ya ɗauki ƙusa ya bi duk abin da ake iya kwancewa, ya ja masa zane uku a gindi, inda ido ba ya kai, irin zanen da ke kumatunsa.

Kowace Juma'a bayan masallaci yakan kama hanyar Tunuga ya gaida tsohuwarsa, Inna Kaltuma. Idanunta sun daɗe da tafiya, amma kunnenta ko kare albarka. Tun motar na bakin fadama take cewa a shimfiɗa tabarma.

Sai sojoji suka karɓi mulki, aka rufe gadar Malanbil da ke kan iyaka, ayari ya tsaya cik. Kamiyoyi suka yi layi har ciyawa ta fito ƙarƙashinsu, masu kwalekwale suka zama sarakunan gari. Alfari ya zauna gida, abin da bai iya ba. Wata huɗu da zaman, yana alwalar azahar, buta ta suɓuce daga hannunsa na hagu, bakinsa ya karkace. Aka kwashe shi sai gidan likita a Doso, inda ya yi wata uku kwance.

A nan Labo ya shigo maganar. Labo bakanike ne, garejinsa na bakin babbar hanya, kuma ɗan kawun Alfari ne, wato taubashinsa. Tun suna yara suke wasa. Labo ya sha ɗauke masa hula a bainar jama'a, ya taɓa kwance masa rago ana jajiberin Sallah ya ɗaure a gidansa sai da aka kai masa goro. Ka'idar kuwa kowa ya san ta: taubashi ya ɗauki abinka, dariya za ka yi, in ka yi fushi kai ne abin dariya. Shi ya zo Doso da ayaba a leda, ya tsaya kan Alfari ya ce, "To bawana, ka ga abin da rowa ke jawowa. Kawo makullin Tsattsewa in riƙa tada maka ita, mota ma in ta kwana da yawa shanyewa take." Bibata, matar Alfari, ta ciro makullin daga bakin zanenta ta miƙa masa har da godiya.

Allah ya yi da sauran shan ruwa, Alfari ya tashi. Baki ya koma daidai, ƙafa ta taka, hannun hagu ne kawai ya ƙi dawowa gaba ɗaya. Yana riƙe kofi, yana ɗaure wando, amma ba ya ɗaga bokiti. Ranar da Labo ya kai shi Tunuga a akori-kurarsa, Inna ta laluba hannun tun daga kafaɗa har yatsu.

"Na warke, Inna."

"Haka kuke cewa duka. Ni makauniya ce, ba wawuya ba. Ranar da na ji kukan Tsattsewa, na ji ƙofa ɗaya ta buɗe, ƙafa ɗaya ta sauko, ran nan ka warke."

Wannan magana ita ta zama abincin Alfari. Ya san motarsa. Sitiyarinta na lantarki ne, da ɗan yatsa ake juya shi, kuma abin da yake bukata ke nan, don hannun dama na kan giya, na hagu shi ke riƙe hanya. Duk Gaya babu wata motar da raunannen hannu zai iya da ita sai wannan. Ya yanki tsohon tub na taya ya naɗe, yana matsawa safe da yamma, Bibata na shafa masa man kaɗe, har ya ji lokaci ya yi.

Da hantsi ya shiga motar, Labo na kujerar gefe. Injin ya tashi da muryar nan da ya sani, har ƙwalla ta zo masa. Ya sa giya, ya kama sitiyari zai fita ƙofar gida, sitiyari ya ce bai san zancen ba. Ya ƙara ƙarfi, jijiyar wuyansa ta tashi, motar ta tafi ɗoɗar ta daki turken awaki.

Labo ya dafa shi. "Taubashi, ka yi haƙuri. Motar lahiya lau take, jiya ma na zaga da ita. Hannun ne bai ƙarasa ba."

Mako uku Alfari bai leƙa inda motar take ba. Ya daina matsa tub ɗin. Yakan zauna gindin darbejiya ya ɗora hannun a cinya yana kallonsa kamar ɗan da ya ba shi kunya. Baƙin cikin da ya yi a makonnin nan ya fi na kwanciyar Doso, don a Doso yana da abin da yake jira.

Bibata ce ta gaji. Ba ta iya tuƙi ba, amma ta sha zama a gefe tana ganin yadda yake juya abin nan yana hira. Wata safiya ta ce ya tada mata injin kawai. Ta zauna, ta kama sitiyari da hannu biyu, ta ja har ɗankwalinta ya zame.

"Malam, ni da nike dakan gero tun ina 'yar shekara tara? In wanga abu ya gagare ni, to ba hannunka ba ne."

Aka kira Labo. Ya zo ya kwanta ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe yana tsaki, sannan ya fito da wani ɗan akwatin ƙarfe, bai fi rabin burodi ba, da farar takarda manne a bayansa. Ya ce sunansa kalkilatar, amma a gareji ƙwaƙwalwa ake ce masa, shi ke gaya wa sitiyari yawan ƙarfin da zai taimaka da shi. Ya ce ta ƙone, zaman da motar ta yi ne. Yana riƙe da ita ya karanto lambar da ke kan takardar, Alfari ya rubuta a bayan kwalin magani, sannan Labo ya mai da ita ya ɗaure, wai kada ƙura ta shiga wayoyin.

"Sai wadda nimeronta ya yi daidai da wanga," in ji shi. "Ko harafi guda ya saɓa, ba su jituwa."

Alfari ya rungume shi don murna. Ashe ba shi ne ya mutu ba, ƙarfe ne, ƙarfe kuwa ana samunsa.

Ana samunsa, amma ba na motar da ta haura shekara ashirin ba, kuma ba a shekarar da gada ke rufe ba. Kwalin maganin ya koma zama cikin hularsa. Ya kira tsofaffin abokan ayari ɗaya bayan ɗaya. Na Yamai suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. Wani a Kamba ya rantse yana da ita, Alfari ya sha jijjigar hanya ya je, ya tarar da ƙwaƙwalwar da bakinta ma bai yi kama da na wayoyinsa ba. Ta biyu daga Birnin Kabi aka aiko, baki ya shiga daram, aka tada mota, ko motsi. Ta uku ita ta fi cin rai. Wani tsohon abokinsa ya tono ta a wajen 'yan gwangwan na Kwatano, ta hau mota har Malanbil, ta hau kwalekwale cikin buhun gari. Alfari ya yi yini biyu a bakin kogi yana jira cikin rana, tsakanin masu dakon albasa da sojoji masu duba kaya. Da aka ɗaura ta sitiyari ya yi laushi, ya yi kabbara, sai aka ga dama kawai yake laushi, hagu kuwa dutse. Harafin ƙarshe ya saɓa, ta ƙanwar motar ce da aka ƙera bayan shekara uku.

Duk wannan Labo ne ke ɗaurawa yana kwancewa, yana girgiza kai, yana cewa a ƙara haƙuri. Kuma kowace Juma'a shi ke ɗaukar Alfari zuwa Tunuga. Inna ta ji ƙofa biyu sun buɗe, ta laluba hannun ɗanta, ta ce ba komai, sannan ta juya ta yi ta zuba wa Labo albarka, ɗan ƙanenta mai zumunci, wanda ya bar aikinsa yana jigilar ɗan'uwansa. Ta fara ramewa. Maƙwabciyarta ta ja Alfari gefe ta ce tsohuwa ta sa a ranta ɓoye mata ake yi, wai motar ƙalau take, shi ne ya nakasa.

Wata na bakwai Bibata ta je suna Junju. Ta dawo tana kwance kaya tana ba da labarin wanda ya zo da wanda bai zo ba, sai ta ce, "Af, na ga 'yar'uwar Tsattsewa. Alhaji Siddo da kanshi ya juya ta a lungun gidan sunan, hannu guda, ɗayan na riƙe da salula."

Alfari ya ajiye cokali. Ya san motar Siddo ta shekara huɗu ƙarƙashin tanti, kuma ciwon sitiyari ne ya kwantar da ita, shi ya sa bai taɓa tunaninta ba. In Siddo ya samu, to akwai inda ake samu. Ya kira Labo nan take.

"Waccan? Ai ba iri guda ba ne da taka, taubashi. Kada ka wahal da kanka."

"Jirgi guda munka sauke su, Labo. Ni na tuƙo ta."

"To ni dai na hwaɗa maka. Kuma Alhaji ba shi son a dame shi."

Ruwa ba ya tsami banza, amma Alfari bai ji tsamin ba. Abin da ya ɗauka shi ne Labo na jin nauyin babban mutum. Ranar Laraba ya kira bakanike daga wani gareji ya kwance masa matacciyar ƙwaƙwalwar, ya naɗe ta a tsumma ba tare da ya duba ba, ya hau motar kasuwa zuwa Junju.

Alhaji Siddo ya karɓe shi hannu biyu, ya yi masa jaje, aka kawo fura. Da Alfari ya faɗi abin da ke tafe da shi, Siddo ya yi dariya.

"Ikon Allah! Ai ɗan'uwanka ne ya samo mani. Labo. Ya ce daga Kwatano anka ƙetaro da ita, kana Doso lokacin. Bai gaya maka ba?"

"Wataƙila ya manta, Alhaji."

Har yanzu zuciyar Alfari na nema wa Labo hanya. Ya roƙi abin da kowane mai gyara ke roƙo, a ara masa mai lafiyar ya gwada a motarsa, ya tabbata ciwon nan ne ba wani ba, ya kuma kwafi lambar. Siddo ya kira direbansa Lawali, wani dattijo mai furfura, ya ce ya kwanto ta. Lawali ya kawo ya ajiye a tabarma. Alfari ya ciro kwalin daga hula ya gwada, lamba ta yi daidai har harafin ƙarshe. Sannan hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara ashirin da biyu ba tare da an sa shi ba, ya kifa ta.

Zane uku, na ƙusa, sun ɗan yi tsatsa.

Ya warware tsumman ya kifa wadda ya zo da ita. Gindinta sumul. Ya daɗe yana kallon su biyun. Shi da ko tayar keke aka miƙo masa sai ya juya ta, bai juya wannan ba ran da aka fito da ita, saboda a hannun ɗan kawunsa take.

Siddo ya dubi ƙarfen, ya dubi kumatun baƙonsa, ya sake duban ƙarfen. Shi ma ya yi zamani da 'yan ayari, ba sai an fassara masa ba. Ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa.

"Wallahi, Alfari, ban sani ba."

"Na sani, Alhaji."

"Ɗauki abinka. Lawali, tada wata mota ka kai shi Gaya, ka ɗaura mishi da hannunka."

Washegari da hantsi Tsattsewa ta fita ƙofar gida ba ta taɓa turke ba. Sitiyari ya bi hannun hagu kamar bai taɓa yin gardama ba. Alfari ya yi zaton zai yi murna. Abin da ya ji shi ne makonni ukun nan na gindin darbejiya, sun dawo sun zauna masa a ƙirji. Ya tuƙa kai tsaye zuwa garejin Labo, inda kamiyoyin Siddo uku ke tsaye da bakinsu a buɗe, masu shayi da 'yan kabu-kabu na zaune a inuwa. Ya fito ya ajiye matacciyar ƙwaƙwalwar a kan benci, gindinta a sama.

Labo ya gani. Fuskarsa ta yi abu kaɗan, sannan ya tuntsire da dariya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, ku zo ku gani! Bawana ya gano! Wata bakwai ina wasa da shi, sai yau ya farka. Kawo goro, in ba haka ba gobe tayoyin zan kwashe!"

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce taubasai ba ku da dama. Wani ya ce Alfari kada ka yi fushi fa, ka san doka. Alfari bai yi dariya ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya matsa kusa, inda su biyu kawai za su ji.

"Ragon da ka kwance, a ƙofar gidanka ka ɗaure shi, kowa na gani. Wanga fa?"

Labo ya sunkuya yana goge sifana. "Tun da anka rufe gada, kamiyoyin Alhaji ne ke riƙe da garejin ga. Ya daɗe shina neman ƙwaƙwalwar. Kai kuma likita da bakinshi ya ce da wuya ka sake tuƙi. Na ce mi za ta yi maka a kwance?"

"Da na tashi fa?"

"Na yi niyyar in samo wata in mayar. Ba ka ga yadda nike ta ɗaurawa ba?"

"Ba ƙarfen nike tambaya ba, Labo. Ka zauna gefena, ka dafa ni, ka ce hannuna ne."

Labo ya ci gaba da goge sifanar da ta riga ta goge. Alfari ya jira, don ko a lokacin da Labo ya ce ya tuba, da wataƙila ya karɓa. Da ya ga babu, ya koma motarsa, masu shayi na yi masa kirarin angon Tsattsewa.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya kama hanyar Tunuga shi kaɗai. Shinkafa ta yi kore a fadama, masunta na shanya taru. Tun daga nesa ya hango an fito da tabarma. Ya tsaya, ya kashe injin, ya buɗe ƙofa, ya sauko. Inna na tsaye riƙe da dogarin zaure, kanta a karkace tana saurare. Ta jira ƙofa ta biyu. Da ba ta ji ba sai ta saki guɗa, muryar tsufa mai rawa, har maƙwabta suka leƙo. Ta kama hannun hagun ta ɗora a fuskarta tana kuka, ta ce yau za ta ci tuwo.

Sun zauna, ta sa aka kawo wani ƙunshin busasshen kifi da ta daɗe tana ajiya, ta tura masa.

"Wanga na Labo ne. Shi ya gyara ta, ko? Na san shi ne. Yaron ga bai taɓa gajiya da kai ba."

Alfari ya dubi ƙunshin. Ya dubi tsohuwar da ta rame wata bakwai, yau ta fara dariya, ɗan ƙanenta guda da ya rage mata a duniya take yabo. In ya faɗa, ya san tuwon nan ba zai ciwu ba.

Ta ɗaga tafukanta sama. "Allah ya yi wa Labo albarka. Yadda ya yi maka, Allah ya sa 'ya'yanshi su yi mishi. Ka yi shiru, Alfari. Ba ka ji ina addu'a ba?"

Ya ɗaga hannayensa, na dama da na hagu.

"Amin, Inna," in ji shi.